Daga Zaman Makoki a Tsafe Zuwa Naɗin Sarauta a 'Yandoto

Ranar Asabar 16 ga Yuli 2022, mako guda bayan Babbar Sallah, aka yi naɗin sarauta a fadar Sarkin 'Yandoton Daji, cikin ƙaramar hukumar Tsafe ta Jihar Zamfara. Naɗi dai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A tara jama'a, a kawo rawani, maroƙa su wasa mai sabuwar sarauta, liman ya shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. Amma wannan naɗin, kafin magariba labarinsa ya kai Abuja da Legas, kafin wayewar gari ya tsallaka teku. Abin da ya tada ƙurar shi ne kan da aka ɗaura wa rawanin.

Ado Aleru ne, mutumin 'Yankuzo, ɗaya daga cikin manyan jagororin 'yan bindiga na dazukan Tsafe da Faskari. Tun watan Yuni 2020 rundunar 'yan sandan Jihar Katsina ta shelanta cewa tana nemansa ruwa a jallo, ta sa tukuicin naira miliyan 5 ga duk wanda ya taimaka aka kama shi, bayan harin da aka kai ƙauyen Kadisau na Faskari, inda aka kashe mutum sama da 50. A watan Nuwamba 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, gwamnati kuma ta tabbatar da hakan a hukumance a Janairu 2022. To, wannan mutumin ne ya fito daga daji da rana tsaka, yaransa na biye da shi a kan babura, Sarki Aliyu Marafa ya naɗa shi Sarkin Fulani.

Fadar ba ta ɓoye dalilinta ba. Cewa ta yi an yi ne don zaman lafiya, don mutumin ya taimaka an samu sauƙin hare-hare a yankin, manoma kuma suna bukatar shiga gonakinsu. Damina ce, mai karatu. Gero da dawa na jiran noman farko, kuma duk wanda ya san Tsafe ya san me ake nufi in aka ce gona ta gagari mai ita. Kafin ka yi tir, ka ajiye wannan a gefe guda.

Sai kuma ka dubi sahun manyan baƙi. Jaridar Premium Times ta lissafa waɗanda suka halarta: shugaban ƙaramar hukumar Tsafe, mai ba gwamna shawara kan tsaro, hakimai, masu sarauta, da Kwamishinan Tsaro da Harkokin Cikin Gida na Jihar Zamfara, Ibrahim Mamman Tsafe. Riƙe wannan suna na ƙarshe, domin a kansa labarin yake.

Mamman Tsafe ba ɗan koyo ba ne a harkar tsaro. Ɗan sanda ne da ya hau tsani mataki-mataki. Ya riƙe Kwamishinan 'Yan Sanda a Jihar Delta, ya shugabanci shiyya ta biyu da ke Legas, ya kai muƙamin Mataimakin Sufeto Janar, wanda daga shi sai kujerar ƙoli. Bayan ya ajiye kaki, Gwamna Bello Matawalle ya kira shi ya danƙa masa ma'aikatar tsaron jiharsa ta haihuwa, a lokacin da jihar ke cikin halin da har aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, duk don a shaƙe 'yan bindiga. Mutumin da ya isa hutu ya koma fagen fama, kuma wannan karon a ƙofar gidansu.

A watannin farko na 2022, wata rana da dare, 'yan bindiga suka shiga cikin garin Tsafe suna harbi. Da gari ya waye aka ƙidaya gawarwaki. A cikinsu akwai ɗan Kwamishinan Tsaro.

Tsaya nan, mai karatu. Ka ɗauka kai ne.

An kafa rumfa a ƙofar gidanka, an shimfiɗa tabarmi, butoci na jere a gindin bango. Jama'a na kwararowa daga Gusau, daga Funtua, daga Abuja. Kowa ya iso sai ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ya haƙuri?" Ka ce, "Haƙuri da godiya." A ɗaga hannu, a yi fatiha, wani ya tashi, wani ya zauna. Tun hantsi har la'asar bakinka bai furta wata kalma ba sai wannan. A cikin masu gaisuwar akwai dattijon da ya taso daga wani ƙauye, wanda shi ma kwanan nan ya binne nasa. Ya zo maka ta'aziyya da zuciya ɗaya, amma kai ka san tambayar da ba zai iya furtawa ba: in har wutar ta ci gidan mai tsaron, mu ina za mu sa kanmu? Kana cikin haka wayar da ke aljihunka ta ɗauki ƙara. Baturen 'yan sanda ne na wani yanki, muryarsa na rawa: "Yallaɓai, sun tare hanya." Za ka ɗauka, ko za ka bar ta ta yi ta kuka? In ka ɗauka, da wace ƙwaƙwalwa za ka ba da umarni?

A cikin gida kuma akwai uwa. Ita an yarda ta yi kuka. Kai an yi maka tarbiyya tun kana yaro cewa namiji ba ya kuka, an ƙara maka a makarantar horon 'yan sanda cewa hafsa ba ya karaya a gaban na ƙasa da shi, ga kuma kunyar ɗa da al'ada ta ɗora maka. Da za ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, wa za ka kira ka faɗa wa abin da ke cinka?

Mamman Tsafe ya ci gaba da riƙe kujerarsa. Kuma abin da ya biyo baya bai ba kowa sararin numfashi ba. A ƙarshen watan Yuni na shekarar, gwamnatin Zamfara ta fitar da sanarwar da ta girgiza ƙasa: ta ce jama'a su nemi izinin mallakar bindiga don kare kansu, za a raba fom 500 ga kowace daga cikin masarautu 19 na jihar. Kwamishinan 'Yan Sanda na lokacin, Ayuba Elkanah, ya ce su dai ba a ɗage musu haramcin ba da lasisin bindiga ba. Babban Hafsan Tsaron Ƙasa, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan ikon. Gusau na ja nan, Abuja na ja can, kwamishinan tsaron jiha yana tsakiya, ba shi da soja ko ɗaya da zai ba umarni kai tsaye, amma shi talakawa suka sani, shi za su zaga in an kwana ana harbi.

Kimanin mako uku bayan "ku nemi bindiga", sai ga rawani a 'Yandoto.

To, mai karatu, ga takardar gayyata a hannunka. Ƙasar kabarin ɗanka ba ta gama kwantawa ba. Wanda za a naɗa jagora ne a cikin masu irin sana'ar da ta raba ka da shi, kuma a ƙaramar hukumarku. Me za ka yi?

Kana iya cewa ba ka zuwa, kuma ba mai ganin laifinka. Amma in rashin zuwanka ya sa sulhun ya wargaje, aka wayi gari an tashi ƙauyuka uku a tsakiyar damina, iyaye nawa za su zauna a irin tabarmar da ka tashi daga kanta? Kana iya zuwa da sojoji a ɓoye, a cafke shi yana tsakiyar fada. Zuciya za ta yi sanyi na yini guda. Yaransa fa, da ke cike da daji, a kan wa za su huce? Fadar da ta ba shi amana fa, da mutanen garin da za a bari da su bayan motocin sojoji sun koma Gusau? Ko kuwa ka je, ka zauna a kujerar da aka tanadar maka, ka kalli ana naɗa rawanin zagaye bayan zagaye, ka haɗiye abin da ya taso maka, ka ce amin in an yi addu'a?

Shi dai ya je.

Washegari gwamnatin jiha ta nesanta kanta daga naɗin, ta dakatar da Sarkin 'Yandoton Daji, ta kafa kwamitin bincike. Ƙasa ta ɗauki zafi, kuma da gaskiyarta. Ni ma ra'ayina a fili yake: naɗin nan kuskure ne babba. Rawani amana ce, kuma akwai zawarawa da marayu a Kadisau da suka ji labarin a rediyo. Babu baƙin cikin wani babba da zai wanke wannan. Ba kuma hurumina ba ne in buɗe ƙirjin Mamman Tsafe in ce ga abin da ke ciki. Wannan tsakaninsa ne da Ubangijinsa. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. An yi ta muhawara a kan sarki, a kan gwamna, a kan sulhu da 'yan bindiga. Amma wane irin tsari ne wannan namu, da zai ɗora wa uban da ke cikin makoki irin wannan zaɓi, sannan mu duka mu ga kamar ba komai, tunda ai babba ne?

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Mu koma baya da shekara guda, mu gangara Bungudu, ƙaramar hukumar da garin Nahuce ke cikinta. Ranar Lahadi 18 ga Yuli 2021, saura kwana biyu Babbar Sallah, 'yan bindiga suka afka wa 'yan sandan kwantar da tarzoma da aka girke a Kurar Mota. Rundunar 'yan sandan jihar da kanta ta tabbatar da mutuwar 13. Goma sha uku a yini ɗaya, a wuri ɗaya.

Mun yi musu addu'a, kuma sun cancanta. Amma ka tuna akwai wani hafsa da ya sa hannu a takardar da ta tura su can. Akwai wanda ya duba jerin sunaye ya ce wane da wane su tafi, wane ya tsaya. Ka zama shi na minti ɗaya. Wataƙila ɗaya daga cikinsu ya roƙe ka hutun Sallah ka ce ya bari sai an samu canji. Yanzu ga kayansu an tattaro a buhu, ga wayoyinsu, kuma kai ne za ka kira Bauci ko Binuwai ko Oyo ka gaya wa wata mata cewa kada ta jira. Sau 13. Ka gama wannan, sai sigina ta zo daga sama: a gaggauta tura wasu su maye gurbi. Ka sake ɗaukar biro, ka sake duba jerin sunaye. Hannunka zai tsaya cak? A daren nan za ka yi barci?

Akwai kuma wasu shugabannin da ma ba ma tunawa da su sam, wato masu riƙe da gidajen yari. A 2019 doka ta sauya wa hukumarsu suna zuwa ta gyaran hali, amma katangar ba ta sauya ba, cunkoson ma haka. Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Shugaban gidan yari, a Gusau yake ko a Kurmawa ta Kano, rayuwarsa ƙidaya ce. Da safe a ƙirga, da yamma kafin a kulle a ƙirga. In lissafi ya cika, ya samu daren. In mutum ɗaya ya yi ƙasa, aikin shekara talatin na iya tafiya. Yana zaune da ɓarawon akuya da wanda ake zargi da kashe gari guda a ƙarƙashin rufi ɗaya, ya san wasu daga cikinsu suna da mutane a waje masu manyan makamai, ya kuma san waɗannan mutanen sun san makarantar da 'ya'yansa ke zuwa. Gandirobobinsa na kallonsa, fursunoni na kallonsa, hedikwata na jiran rahoto.

Kwana 11 kafin naɗin 'Yandoto, daren Talata 5 ga Yuli 2022, abin da kowane shugaban gidan yari ke tsoro ya faru a Kuje, a gefen Abuja. Mahara suka zo da bama-bamai suka fasa katanga. Hukumar ta ce fursunoni 879 ne suka fice a daren, cikinsu har da 64 da ake tsare da su kan alaƙa da Boko Haram, kodayake an dawo da da yawa daga baya. Ƙungiyar ISWAP ta ɗauki alhaki. Washegari Shugaba Muhammadu Buhari ya je ya ga ɓarnar da idonsa, ya nuna ɓacin ransa kan gazawar bayanan sirri. A wannan Talatar dai aka yi wa Kwamandan Yankin Dutsinma, Mataimakin Kwamishinan 'Yan Sanda Aminu Umar, kwanton ɓauna a Safana aka kashe shi. Yanzu ka ce kai ne ke riƙe da makullan gidan yarin Gusau a wannan makon, daji na kewaye da garinka. In Kuje da ke hancin fadar shugaban ƙasa ta faɗi, kai da me ka dogara? Kowane babur da ya wuce bayan katanga da tsakar dare, ina zai bar maka barci?

Kujerar ma ba tabbas gare ta ba. Ranar 5 ga Afrilu 2021 aka fasa gidan yarin Owerri, fursunoni 1,844 suka tsere. Washegari Sufeto Janar Mohammed Adamu yana can Owerri yana duba ɓarna, aka sanar a Abuja cewa an naɗa wani a madadinsa. Duk hafsan da ya ji wannan labari ya ɗauki darasinsa: kada ka nuna rauni, ko na daƙiƙa ɗaya.

To me irin wannan rayuwa ke yi wa ɗan Adam? Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin amsar, daga binciken da aka yi a kan sojoji da 'yan sanda da ma'aikatan gidajen yari a ƙasashe da dama. Wanda ya ga tashin hankali mai tsanani, ko ya yi ta ganinsa a kai a kai, jikinsa kan ƙi yarda cewa hatsarin ya wuce. Barci ya ƙaurace, in ya zo kuma ya zo da mafarkin abin da ya faru. A buga ƙofa da ƙarfi, mutum ya zabura. Yaro ya yi ɗan kuskure a gida, a rufe shi da faɗan da ya fi laifin. Wani ya daina jin komai, farin ciki ko baƙin ciki, ya zauna cikin iyalinsa kamar ba ya nan. Wani ya faɗa ciwon damuwa, abinci ya fita ransa, ya riƙa ganin duk abin da ya faru laifinsa ne. Wani ya nemi mafaka a ƙwayar barci ko abin da ya fi ta muni. Hawan jini da ciwon zuciya kuma suna biye a baya. Mu kan ce, "Oga ya cika zafi kwanan nan," mu wuce. Sau da yawa ciwo ne, kuma yana da magani.

Abin da ya sa wannan ya shafe ka, ko da ba ka da ɗan'uwa mai kaki, shi ne: ƙwaƙwalwar da ta kwana uku ba barci ba ta auna abu daidai. Takan yi gaggawa inda ake bukatar haƙuri, ta yi nawa inda ake bukatar sauri. Kuma wannan ƙwaƙwalwar ce za ta yanke ko a tura mota Nahuce a daren nan ko a bari sai da safe, ko a buɗe wuta a kan masu zanga-zangar da suka tare hanya ko a lallashe su, ko a kai wani fursuna asibiti ko a ce ƙarya yake yi. Lafiyar hankalin mai ba da umarni tana cikin kayan tsaron gari, daidai da mota da harsashi.

Me ya sa ba sa magana? Ka sa kanka a matsayinsu. Ƙaramin ɗan sanda yana da abokan da za su zauna a benci a bariki su yi ta hira har abin ya ragu. Babba fa? Na ƙasa da shi ba zai iya buɗe musu ciki ba, don gobe zai tura su inda za a iya kashe su, kuma dole su yarda da shi. Na sama da shi su ne masu rubuta rahoton ƙarin girmansa. In ya je asibitin ƙwaƙwalwa wani ya gan shi, kafin la'asar an ce "ya taɓu", kuma wannan kalma ba ta goguwa. Hausawa sun ce babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa a kansa yake zubarwa. Gaskiya ne. Sai dai ko juji in ya cika ana kwashe shi, in ba haka ba wata rana da kansa yake kamawa da wuta.

Wani zai ce ai mu Musulmi ne, tawakkali ya ishe mu. Tawakkali ginshiƙi ne, kuma na ga yadda yake riƙe mutanen da duniya ta rushe musu. Amma addinin bai ce a zama dutse ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, a gaban sahabbansa, alhali shi ne jagoran al'umma kuma jagoran rundunarta. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har ganinsa ya tafi. Sannan ga wata ƙa'ida da kowane ɗalibin fiƙihu ya sani: an hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, malamai kuma suka yi ƙiyasi suka haɗa da matsananciyar yunwa, da gyangyaɗi, da baƙin ciki mai tsanani, da duk abin da ke dagula tunani. Tun ƙarnoni da suka wuce malamanmu sun gane cewa mai yanke wa jama'a hukunci sai hankalinsa ya natsu. In an tausaya wa alƙali da masu shari'a a gabansa haka, don me za a ce kwamishina ko kwamanda ko shugaban gidan yari ya tashi daga makabarta ya wuce ofis?

Lokaci-lokaci murfin kan ɗaga, mu hango abin da ke ciki. A watan Yuni 2018 Gwamna Abdul'aziz Yari ya fito ya ce ya sauke wa kansa matsayin babban jami'in tsaron jiha, tunda ba shi da iko a kan jami'an da ake cewa yana shugabanta. A 2025 Gwamna Dauda Lawal, a wani bidiyo da ya yaɗu, ya ce ya san inda jagororin 'yan bindiga suke, amma umarni daga Abuja yake zuwa, har ya ce abin kan sa shi zubar da hawaye. Jama'a sun yi musu ca, wasu suka ce siyasa ce, wasu suka ce wanda ya nemi kujera ba shi da bakin kuka. Talakan da aka kora daga gonarsa yana da haƙƙin ya faɗi haka, kuma wahalarsa ta fi ta kowane gwamna nesa ba kusa ba. Amma ka lura da abu ɗaya da gwamnoni biyu daga jam'iyyu daban-daban suka faɗa: an ɗora musu alhaki, ba a ba su iko ba. Masana lafiyar ma'aikata sun daɗe suna nuna cewa nauyi mai yawa tare da ƙarancin iko yana cikin abubuwan da suka fi cin mutum a wurin aiki. In gwamna mai jerin motoci yana jin haka, ina ga baturen 'yan sandan da ke da mota ɗaya, ita ma ba mai?

A farkon Janairu 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Dokar ta tanadi haƙƙoƙin masu wannan lalura, har da kare su daga wariya. Mataki ne mai kyau. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Asibitin ƙwararru na tarayya na wannan fanni da ke Kware, a Jihar Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 200 ce daga Gusau, a kan hanyar da ta ratsa Bungudu da Maru da Talatar Mafara. Hafsan da ke son ganin likita a can sai ya nemi izinin barin wurin aikinsa, ya kuma faɗi dalili. Kai za ka faɗa?

Abin da nake ganin ya kamata ba ya bukatar biliyoyi. Duk hafsan da ya rasa yaransa a fagen daga, ko aka fasa masa gidan yari, ko aka taɓa iyalinsa, a wajabta masa hutu da zama da ƙwararre, ya zama doka ce a kan kowa, don kada a nuna wani da yatsa a ce shi ne rago. Abin da ya faɗa wa likita kada ya shiga fayil ɗinsa na ƙarin girma. A daina barin mutum ɗaya shekara da shekaru a wuri mai zafi ba canji. Limaman bariki da fastocinsu, waɗanda su ne ake fara kai wa kuka, a koya musu gane lokacin da ya kamata su ce, "Yallaɓai, addu'a muna yi, amma mu je ka ga likita." Tsofaffin hafsoshi da suka yi ritaya kuma, waɗanda ba su da sauran abin tsoro, su buɗe baki su gaya wa na baya abin da suka sha a ɓoye.

Labarin 'Yandoto bai ƙare da dakatarwa ba. A watan Afrilu 2023 gwamnatin Matawalle ta mayar da Sarki Aliyu Marafa kan karagarsa. Ranar 29 ga Mayu aka rantsar da sabuwar gwamnati a Gusau. A ƙarshen Janairu 2024 ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara, matasa sama da 2,600 da aka ɗebo daga ƙananan hukumomi 14 na jihar. Da haka aka samu sabon rukunin shugabannin tsaro, kuma nasu nauyin ya sha bamban da na ɗan sandan da aka turo daga wata jiha, wanda in wa'adinsa ya cika za a ɗauke shi.

Shugaban askarawa a gari irin Nahuce ɗan garin ne. Waɗanda yake jagoranta ƙannensa ne, da 'ya'yan maƙwabta, da abokan da suka yi makarantar allo tare. Ba shi da bariki, ba shi da canjin wurin aiki. In aka fita sintiri mutum goma aka dawo tara, shi zai je ya yi sallama a ƙofar gidan, kuma uwar da za ta fito ta san shi tun yana goye. "Ina ka baro mini shi?" Kullum zai bi ta ƙofar gidan nan in zai je kasuwa. Gobe da yamma kuma dole a sake fita, kuma shi zai kira sunaye.

In kai ne, mai karatu, sunan wa za ka fara kira?